Kwana biyu a ƙaramar bas: sharhi kan yawon zagaya garuruwan da ke kewaye da Vichy

Na yi wata guda a Vichy, a tsakiyar ƙasar Faransa, ina halartar kwas na malaman Faransanci a cibiyar CAVILAM, wadda tun 1964 take karɓar ɗalibai da malamai daga ƙasashe daban-daban. A makonni biyun farko ban fita daga cikin gari ba, domin tsakanin masaukina da aji da lambun maɓuɓɓugai duk tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci, kuma garin kansa ƙarami ne, mazaunansa kimanin 25,000 ne kawai. A mako na uku wani abokin karatunmu, malami daga Damagaram, ya zo mana da takardar tallar wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido, mai bas guda da ke ɗaukar mutum takwas da direba guda wanda shi ne kuma ɗan jagora, yana zagayawa da baƙi garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da Vichy ranakun Asabar da Lahadi. Mu shida muka haɗa kuɗi muka kama kwanakin biyu, kuma abin da kowannenmu ya biya a rana ya kai kusan kuɗin cin abincin dare sau uku a matsakaicin gidan abinci na garin. Hukuncina tun yanzu shi ne ranar Asabar ta ci kuɗinta har da ƙari, ranar Lahadi kuwa an cika ta da tafiya fiye da gani, kuma dalilan hakan su ne zan bayyana.

Arzikin Vichy ruwa ne. A bakin kogin Allier ruwa mai ɗumi da gishiri-gishiri yana ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma tun zamanin Rumawa ake zuwa a sha a yi wanka da shi don neman lafiya, musamman masu fama da ciwon hanta da ciki da gaɓoɓi. Sarki Napoleon na Uku ya zo jinya sau biyar tsakanin 1861 da 1866, kuma a zamaninsa ne aka yi wa kogin shinge, aka shuka lambuna a bakinsa, jirgin ƙasa ya iso garin a 1862. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin manyan garuruwan wankan magani 11 na ƙasashen Turai 7, tare da irin su Bath na Ingila da Baden-Baden na Jamus, kuma shi kaɗai ne daga Faransa. Wannan duka baƙo zai karanta shi a kowane allo da ke cikin gari ba tare da ya biya kowa ba. Abin da allunan ba sa faɗa, wanda kuma shi ne ainihin hajar da kamfanin ke sayarwa, ɗan jagoranmu ya faɗe shi da muka hau gadar da ke tsallaka kogin da safiyar Asabar: faɗin ƙasar Vichy bai kai murabba'in kilomita 6 ba, saboda haka yawancin abubuwan da duniya ta sani da sunan Vichy ba a cikin Vichy suke ba, suna gidajen maƙwabta.

Ya kamata in yi ɗan bayani a nan, domin tsarin mulkin ƙananan hukumomi na Faransa ya fi kama da wanda mutanen Nijar suka sani. Kowane gari ko ƙauye komin ne mai magajin gari da majalisarsa, komai ƙanƙantarsa, kuma ba a haɗiye shi don kawai gidajensa sun haɗe da na babban gari. Abin da ake yi shi ne haɗin gwiwa a kan ayyukan da gari ɗaya ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba, irin su bas-bas da kwashe shara da wuraren ninkaya. A ranar 1 ga Janairu, 2017, aka haɗe ƙungiyar garuruwan kwarin Allier da ta ƙauyukan kan tudu da ke gabas, aka samu abin da ake kira Vichy Communauté, wadda yanzu ke da komin 39 da mutane sama da 80,000. Ɗan jagoran ya yi wannan bayani cikin minti biyar, da taswira a hannu, a Faransanci mai sauƙi da ya dace da baƙi, kuma ban ji wani ya fayyace mini shi haka ba a duk zamana. Wannan ita ce baiwarsa ta farko, ya san yadda ake ɗora ƙasa a kan takarda a gaban mutumin da bai san ta ba.

Da tsallaka gadar mun bar Vichy mun shiga Bellerive-sur-Allier, wanda har zuwa 1903 sunansa Vesse, aka sauya masa suna zuwa wanda ke nufin kyakkyawar gaɓa don ya dace da kunnen baƙin da ke zuwa shan ruwa. A nan filin sukuwar dawaki yake, wanda aka fara tsere a cikinsa tun 1875, a nan filin wasan golf yake, a nan kuma babban filin wasanni mai sunan Pierre Coulon, magajin garin Vichy da aka gina madatsar ruwa a zamaninsa, a 1963, wadda ta mayar da wannan yanki na kogin tafki mai tsawon fiye da kilomita 2 inda ake tseren kwale-kwale. Duk wanda ya ga hoton sukuwar Vichy a jarida, ƙasar Bellerive ya gani. An ba mu kusan minti arba'in a filin sukuwar, muka tarar ana motsa wasu dawaki da safe, kuma ni da na tashi ina kallon hawan sallah na tsaya ina mamakin siririn jikinsu da tsayin ƙafafunsu, dawakin da aka haifa don gudu kawai, ba don ado ba.

A Bellerive ɗin ne kuma muka ci karo da aibin kamfanin na farko. A fuskar takardar tallarsu akwai hoton wata maɓuɓɓuga da aka haƙa a 1844, wadda ruwanta ke tsartuwa sama kamar an buɗe famfo da ƙarfi, sannan ta yi shiru na sa'o'i kafin ta sake tashi. Ba su rubuta ko'ina cewa tashin nata ba shi da tabbataccen lokaci ba. Muka tsaya a kanta minti ashirin muna kallon kwarmin dutse da ɗan ruwa a ƙasansa, ɗan jagoran yana duba agogo yana cewa ta kusa, har dai ya haƙura ya ce mu shiga mota. Ba laifinsa ba ne cewa ruwa bai tashi ba, amma laifin kamfanin ne cewa ya sayar da hoton abin da ba shi da iko a kansa ba tare da jan kunne ba, kuma layi ɗaya a ƙasan hoton da ya wadatar.

Daga nan muka nufi kudu ta gaɓar yamma, inda komin Abrest ke da wani yanki na ƙasarsa, ko da yake tsohon ƙauyen yana tsallaken kogi. Cikin bishiyoyi, a gefen wata 'yar hanya, aka kai mu maɓuɓɓugar Dôme, wadda zafin ruwanta ya haura digiri 60, tana tururi tana warin ƙibiritu, ta rina duwatsun da take bi da launin tsatsa. Idan aka tuna cewa Chomel, wadda ta fi zafi cikin waɗanda ake sha a zauren maɓuɓɓugai na tsakiyar Vichy, digiri 43 ce, Grande Grille kuma 39, sai a gane maganar da aka faɗa mana a kan gada, wato har ruwan da ya fi zafi ma a gonar maƙwabci yake. Wannan wuri ne da baƙo ba zai taɓa samunsa da kansa ba sai da wahala, domin babu wani ƙaton allo ko shago a wurin, kuma saboda shi kaɗai na fara jin cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Ba nisa da nan muka wuce masana'antar Ligier, kamfanin da ya taɓa yin suna a tseren motoci, yanzu kuwa yana ƙera ƙananan motoci da gudunsu bai wuce kilomita 45 a sa'a ba, waɗanda dokar Faransa ta yarda a tuƙa su ba tare da cikakken lasin tuƙi ba. A Hauterive, gari na gaba, aka tsaya da mu muka sayi alewar nan fara mai kusurwa takwas da ake kira pastille, wadda ake haɗawa da gishirin da aka tace daga ruwan yankin da sukari da na'a-na'a, kuma asalinta yana komawa ga wani masanin haɗa sinadarai mai suna Darcet a 1825. Tsayuwar gajeriya ce kuma ba a matsa wa kowa ya saya ba, abin da na yaba, domin na san irin yawon da rabinsa yake ƙarewa a shagon abokin direba.

Saint-Yorre shi ne garin da na fi ɗokin gani, domin kwalbarsa tana kan teburin kowane gidan abinci a Vichy. Ƙaramin gari ne da mutanensa ba su kai 3,000 ba, wanda wani mai haɗa magunguna, Nicolas Larbaud, ya fara haƙa maɓuɓɓugansa a tsakiyar ƙarni na 19, ya samu izinin sayar da ruwan a 1859. A masana'antar da ke nan ake ɗura ruwan St-Yorre, a nan kuma ake ɗura ruwan Vichy Célestins, wanda maɓuɓɓugarsa ke cikin Vichy amma kwalbarsa daga Saint-Yorre take fita duniya. Ɗan jagoran ya fito da kwalabe biyu masu sanyi daga bayan mota, ya zuba mana a kofuna, ya tsaya yana jiran mu yamutsa fuska kamar yadda, in ji shi, baƙi suka saba yi. Wata Hajiya daga Chadi da ke cikinmu ta kurɓa, ta dubi malamin Damagaram ta ce, "Malam, ashe ruwan kanwa muka biya kuɗi muka zo sha." Shi kuwa ya ce, "Wallahi Hajiya, ungurnu ce sak, sai dai an sa mata iska." Gaskiya suka faɗa, kuma takardar jikin kwalbar ta tabbatar, domin a kowace lita ta St-Yorre akwai miligiram 4,368 na bikabonet da miligiram 1,708 na sodiyam, wato dangin sinadaran da ke cikin kanwar da iyayenmu ke jiƙawa idan ciki ya kumbura, kuma don gyaran ciki ɗin Faransawa ma suke shan nasu. Mai hawan jini dai ya kamata ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi ruwan sha na kullum, saboda yawan sodiyam ɗin. Muka yi wa ɗan jagoran bayanin kanwa, ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta kalmar, ya ce zai riƙa faɗa wa baƙi. Abin da ya rage wa tsayuwar armashi shi ne takardar tallar ta sa mun ɗauka za a shiga da mu masana'antar, alhali daga bayan shinge muka hango ta da jerin manyan motocin da ke jiran lodi, sannan aka zaga da mu lambun Larbaud aka ce mu tafi.

Bayan mun ci abinci, wanda kowa ya zo da nasa ranar nan, muka hau tudun Le Vernet, inda ake hango Vichy gaba ɗaya a kwance a bakin kogi, da duwatsun Auvergne da suka taɓa aman wuta can nesa wajen Clermont-Ferrand. Daga can sama ido ba ya iya raba Vichy da Cusset da Bellerive, rufin gidaje ne kawai a haɗe, kuma na fahimci dalilin da ya sa aka kawo mu nan kafin a gangara da mu Cusset.

Cusset ne zuciyar yawon, kuma a nan ɗan jagoran ya nuna cewa shi ɗan ƙasa ne ba mai haddace takarda ba. Gari ne na biyu a girma a yankin bayan Vichy, da mutane kimanin 13,000, kuma wanda ya bi titi daga tashar jirgin Vichy zai shige shi bai sani ba. Amma ɗaruruwan shekaru da suka wuce, lokacin da Vichy bai zama komai ba a idon sarakuna, Cusset gari ne mai ganuwa da kasuwa, wanda ya taso a kewayen gidan wasu mata masu zaman zuhudu da aka kafa a ƙarni na 9. A nan ne a 1440 Sarki Charles na Bakwai ya sasanta da ɗansa Louis, wanda ya haɗa kai da wasu manyan hakimai ya yi wa mahaifinsa tawaye, kuma da wannan ɗan ya hau gadon sarauta da sunan Louis na Sha Ɗaya, sai ya sa wani baransa, Jean Doyat, ya sake gina wa garin ganuwa mai kauri da za ta iya jure igwa, domin ya zame masa sansani a tsakiyar ƙasar sarakunan Bourbon, masu sarautar wannan yanki a lokacin, waɗanda bai amince da su ba. Ganuwar ta rushe daga baya, an cike ramin da ke kewaye da ita an mayar da shi manyan tituna, sai hasumiya ɗaya ta rage, wadda ta daɗe tana zama kurkuku kafin a mayar da ita gidan tarihi. Abin mamakin yana ƙarƙashin ƙafa. Ɗakunan da masu gadin ƙofofi ke fakewa suna harbi, waɗanda a da suke daidai da bakin ramin, sun binne lokacin da aka cike shi, kuma yau ana sauka cikinsu ta matakala daga gefen titi, motoci suna wucewa a saman kai. Mun yi fiye da sa'a guda a ciki da kewaye, cikin sanyi da ɗigar ruwa, ana nuna mana ramukan bindiga, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban abin da ya rage na ganuwar Kano ko ta Katsina ya ga yadda gidaje ke cinye ta, zai ji wani abu a ransa a nan. Kuɗin shiga yana cikin abin da muka biya, kuma an riga an kama mana lokaci, saboda haka ba mu yi jira ba.

A dandalin tsakiyar garin, tsakanin tsofaffin gidaje masu ginshiƙan katako, ɗan jagoran ya ƙara mana wani abu da ya ba ni dariya: har yau babbar kotun yankin tana Cusset, ba ta Vichy, saboda haka mutumin Vichy da ke da shari'a dole ya tako zuwa wurin maƙwabcin da yake gani kamar unguwar bayan gari. Ya ce mutanen Cusset ba sa gajiya da tuna wa na Vichy wannan. A hanyar komawa muka ratsa ta Creuzier-le-Vieux, a arewa, aka nuna mana daga cikin mota masana'antar rukunin L'Oréal inda ake haɗa man shafawar nan mai suna Vichy, wanda aka fara yi a 1931 kuma matanmu ke gani a manyan kantunan kayan kwalliya. Ba mu sauka ba, kuma babu abin da za a sauka a gani.

Akwai batun da ɗan jagoran ya kauce wa duk yini, har sai da muka tilasta masa da muka dawo cikin gari muka wuce gaban ginin da a da shi ne Hôtel du Parc. A gidan wasan opera na Vichy ne, ranar 10 ga Yuli, 1940, bayan Jamus ta ci Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan majalisar Faransa 569 suka miƙa wa Marshal Pétain cikakken iko, 80 suka ƙi, kuma daga wannan otal ya yi mulkin haɗin kai da Jamus ta Hitila har zuwa Agusta 1944. Ya ce mutanen garin ba sa son a riƙa cewa gwamnatin Vichy, domin ba su suka gayyato ta ba, yawan otal-otal da layukan waya ne suka jawo musu ita. Na fahimci damuwarsu, amma a cikin motar akwai mutanen da wannan tarihi ya shafi kakanninsu kai tsaye. Nijar, kamar sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Pétain har ƙarshen 1942, yayin da Chadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agusta 1940, saboda haka malamin Damagaram da Hajiya suka kama gardama ta raha a kan wane ne kakansa ya tsaya a ɓangaren da ya dace. Ɗan jagoran ya saurara da sha'awa, amma a fili yake bai taɓa haɗa garinsa da Afirka a tunaninsa ba, ko da yake tun 1847 akwai asibitin soja a Vichy da ke karɓar sojojin da suka dawo daga Aljeriya, kuma shekaru da yawa nan ne jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan ke zuwa wanke hantar da zazzaɓi ya lalata, har kayan da 'yan mishan suka tara suka zama gidan tarihin fasahar Afirka da Asiya da ke garin a yau. Kamfanin da yawancin baƙinsa ɗaliban ƙasashen waje ne ya kamata ya san wannan babi, kuma rashinsa giɓi ne a cikin hajarsa.

Ranar Lahadi ta fara da kyau. Mun nufi arewa zuwa Saint-Germain-des-Fossés, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda layin dogo ya iso shi a 1854, shekara takwas kafin Vichy, ta yadda masu zuwa shan ruwa a wancan lokaci a nan suke sauka su ƙarasa a keken doki. Daga nan sai Billy, ƙauye mai gidan yaƙi na ƙarni na 13 a kan tudu, yana kallon kogin Allier, wanda sarakunan Bourbon suka riƙa tsare hanyar ruwa da shi. Wurin ya cancanci rabin yini, amma minti ashirin da biyar aka ba mu, domin wai akwai tafiya a gaba.

Tafiyar kuwa ta zo. Kamfanin ya ɗauki alkawarin nuna mana har ƙauyukan kan tudu da suka shigo ƙungiyar a 2017, yankin da ake kira Montagne bourbonnaise, kuma hanyoyinsa ƙanana ne masu kwana-kwana cikin dazuzzuka, inda kilomita ashirin ke cin lokacin da hamsin za su ci a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Mun tsaya a Châtel-Montagne muka leƙa wata tsohuwar coci ta dutse da aka gina a ƙarni na 12, mun ratsa Le Mayet-de-Montagne ba mu sauka ba, an nuna mana ta taga inda dutsen Montoncel yake, wanda tsayinsa ya kai mita 1,287 kuma shi ne mafi tsayi a jihar Allier, sannan a kusa da Ferrières-sur-Sichon aka ba mu labarin Glozel, inda a 1924 wani matashin manomi ya tono allunan yumɓu masu wasu alamu kamar rubutu, masana suka yi shekaru suna jayayya a kan ko tsofaffi ne ko ƙirƙira ce. Labarin ya yi daɗi, amma a cikin mota muka ji shi. Ƙasar kyakkyawa ce, fararen shanun Charolais suna kiwo a gangaren tudu, iska tana da sanyi ko a watan Yuli, sai dai na ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na yinin a kan kujera muka yi shi, kuma biyu daga cikinmu jiri ya kama su saboda kwanar hanya. Babu wanda ya gargaɗe mu mu zo da magani ko rigar sanyi.

Abincin rana na Lahadi yana cikin kuɗin, kuma a nan ne aka yi kuskuren da ya fi ɓata mini rai. Tun ranar da muka biya mun faɗa cewa dukanmu Musulmi ne, aka rubuta a gabanmu. Duk da haka, a gidan abincin ƙauyen da aka kai mu, abin da aka fara ajiyewa a tebur shi ne wani burodi mai laushi da ake kira pompe aux grattons, abin alfaharin yankin, wanda da soyayyen kitsen alade ake kwaɓa shi. Allah ya sa malamin Damagaram ya san kalmar ya hana mu taɓawa. Ɗan jagoran ya ba da haƙuri sosai, ya ce ya manta bai sanar da mai gidan abincin ba, aka kawo mana wainar dankalin Turawa da kirim da ake gasawa cikin ɓawon fulawa, bayan mun tabbatar babu nama a ciki, da cuku da ganye. Ta yi daɗi kuma ta ƙosar, amma da babu mai jin Faransancin kicin a cikinmu da labarin ya sha bamban. Wanda zai bi wannan yawo ya maimaita maganar abinci da safiyar tafiyar, kada ya dogara da abin da aka rubuta a ofis. Game da sallah kuwa ba mu samu matsala ba, domin da muka nemi a tsaya ya tsaya a gefen wani rafi ba tare da ɓata fuska ba, a ranar farko ma shi ya tuna mana.

Motar tana da tsabta da na'urar sanyaya iska, an zo ɗaukarmu a kan lokaci kwanakin biyu, tuƙin kuma na natsuwa ne, an ba mu rasit ba tare da mun roƙa ba. Ga wanda ke da ƙarshen mako ɗaya tak a Vichy, shawarata ita ce ya ɗauki Asabar ya bar Lahadi, ko kuwa idan su da yawa ne su yi ciniki a cire tudun a ba su Billy da Saint-Germain da natsuwa. Cusset da Bellerive ana zuwansu da bas na gari a kan kuɗi kaɗan, Bellerive ma da ƙafa, amma bas ba zai kai mutum maɓuɓɓugar Dôme ba, ba zai kuma faɗa masa abin da ke ƙarƙashin titin Cusset ba, kuma wannan sanin ne ake biya.

A Asabar ɗin ƙarshe kafin in dawo gida na yi hayar keke na bi hanyar da aka shimfiɗa wa masu keke da masu ƙafa a bakin kogin, wadda ta tashi daga Saint-Yorre ta ratsa Vichy ta ƙare a Billy, tsawon kusan kilomita 27. Na tsaya a madatsar ruwa na ga matakalar da aka gina wa kifin salmon don ya iya haurawa zuwa inda yake ƙwai, sannan na ci gaba zuwa arewa, na isa Billy kafin azahar, na hau ganuwar gidan yaƙin na yi sa'a uku a can, ina kallon jiragen ƙasa suna shiga Saint-Germain-des-Fossés suna fita.